Likita ya ce ni ma sai an gwada maniyyina, alhali lafiyata ƙalau: me ake dubawa a ciki?

Mai Gidan Burodi:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, amma yau lalura ta sa dole in yi magana, kuma ina roƙon a yi mini uzuri idan na ambaci abin da kunya ba ta bari a ambata a bainar jama'a.

Shekarata 34, sana'ata burodi, kuma a watan Sha'aban mai zuwa aurena zai cika shekara biyar. Har yau maiɗakina ba ta taɓa yin ko ɓatan wata ba. A shekara biyun farko ba mu damu ba, daga ta uku ne aka shiga neman magani, kuma duk neman a kanta ya ƙare: ta sha rubutu, ta sha sassaƙe da saiwoyi, an yi mata hayaƙi, har ta kai ga ko warin jiƙo ta ji sai zuciyarta ta tashi. Daga baya na kai ta wurin likitan mata. An ɗebi jininta, an yi mata hoton ciki har sau uku, sannan aka yi mata wani hoton da ake ɗura ruwa ta bakin mahaifa, wanda ta dawo gida tana murƙususu saboda ciwon mara. Da muka koma da sakamako, likita ya ce mahaifarta lafiya lau, hanyoyin ƙwai biyu a buɗe suke, kuma alamu sun nuna tana fitar da ƙwai duk wata. Sai ya ɗago kai ya dube ni, ya yago takarda ya yi rubutu, ya ce in je ɗakin gwaji a duba maniyyina.

Yau wata huɗu ke nan takardar tana cikin aljihun rigar da nake aiki da ita, har garin fulawa da zufa sun fara cinye rubutun. Abin da ya hana ni zuwa shi ne ban ga dalili ba. Ban taɓa gazawa da iyalina ba, maniyyi yana fita da yawa kuma da kauri, mahaifinmu ya bar mu mu goma sha tara, yayana da muke ciki ɗaya yana da 'ya'ya bakwai. A gefe guda kuma Hajiya ta matsa mini in ƙara aure, har ta yi magana da gidan wata ƙawarta.

Tambayata ga masana ita ce: me ake dubawa a cikin maniyyin, kuma ta yaya namijin da ba shi da matsala a shimfiɗa zai zama shi ne sanadin rashin haihuwa? Ina so a yi mini bayani dalla-dalla, domin likitan yana cikin sauri, ni kuma nauyin baki ya hana ni tambayarsa.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:

Wa alaikumus salam. Malam Mai Gidan Burodi, ni ba likita ba ne, aikina gwaje-gwajen asibiti, kuma na daɗe ina zama a gaban madubin likita ina ƙirga irin abin da kake tambaya a kai. Tunda sana'arka burodi ce, da ita zan fara. Idan aka kawo maka kwaɓi biyu, ɗaya da yis mai rai, ɗaya da yis ɗin da ya mutu a ajiya, a lokacin da aka gama kwaɓawa ba za ka iya bambanta su da ido ba. Launinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, danƙonsu ɗaya, saboda yis ɗan ƙanƙanin abu ne a cikin buhun fulawa. Sai an jira sannan a ga wanda ya tashi. Haka maniyyi yake.

Ruwan da kake gani yawancinsa ba daga maraina yake fitowa ba. Kusan kashi biyu cikin uku yana fitowa ne daga wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, mafi yawan saura kuma daga furostet, wanda yake zagaye da hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsara. Ƙwayoyin haihuwa, waɗanda su ne ainihin irin, ba su wuce kashi 5 cikin 100 na ruwan ba. Shi ya sa a ƙasashen da maza ke zuwa a ɗaure musu hanyar maniyyi don tsayar da haihuwa, mutum yakan ci gaba da saduwa da iyalinsa kamar da, ruwa yana fita kamar da, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, to a wannan wuri ido bai san komai ba, domin tsawon ƙwayar maniyyi daga kai zuwa wutsiya kusan kashi ɗaya cikin ashirin ne na milimita guda. Ba a taɓa ganinta ba sai a 1677, lokacin da wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya duba ta a madubin da ya ƙera da hannunsa.

Game da ƙarfin shimfiɗa kuwa, maraina aiki biyu suke yi, kuma ɗaya na iya lalacewa ɗaya yana tafiya daidai. Aiki na farko shi ne samar da sinadarin testostiron, wanda ke kawo gemu da kaurin murya da sha'awa. Na biyu shi ne ƙera ƙwayoyin haihuwa a cikin wasu siraran bututu da ke nannaɗe a ciki. Miƙewar gaba lamari ne na jini da jijiyoyi da sha'awa, ba ruwanta da ko bututun nan suna aiki ko ba sa yi. Na sha ganin ƙato majiyi ƙarfi, mai mata biyu, na juya samfurinsa a inji na tattara abin da ya kwanta a ƙasa na duba ban ga ƙwaya ko ɗaya ba. Kusan namiji ɗaya cikin ɗari haka yake, kuma mafi yawansu ba su san da haka ba. Yawan 'ya'yan mahaifinka da na yayanka abin farin ciki ne, amma ba hujja ba ne a kanka, domin yawancin abubuwan da ke jawo matsalar a rayuwar mutum shi kaɗai suke faruwa.

Abin da muke dubawa kuwa shi ne yawan ruwan, da ko ya tsinke ya zama ruwa-ruwa cikin minti 15 zuwa 30 kamar yadda ya kamata, da adadin ƙwayoyin, da yadda suke motsi, da siffarsu, da kuma ko akwai ƙwayoyin ruwan ciwo da ke nuna cuta. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa ƙaramin mizani kamar haka: ruwa mililita 1.4, ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita ko miliyan 39 gaba ɗaya, kashi 42 cikin 100 suna motsi, kashi 30 cikin 100 suna iyo suna yin gaba, kashi 4 cikin 100 kuma masu cikakkiyar siffa. Wannan kashi 4 ɗin yana tayar wa mutane hankali idan suka gani a takarda, suna zaton saura kashi 96 ɗin annoba ce, alhali haka ɗan Adam yake, yawancin ƙwayoyinsa masu karkataccen kai ne ko naɗaɗɗiyar wutsiya. Kuma waɗannan alƙaluma ba katanga ba ne. An samo su ne daga mazan da matansu suka ɗauki ciki cikin shekara guda, aka ɗauki na ƙasa-ƙasa daga cikinsu. Wanda ya gaza mizanin kaɗan yana iya haihuwa, sai dai damarsa a kowane wata ta ragu.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe da kyau, shi ne lokaci. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammalu, sannan ta ƙara kusan mako biyu tana nuna a cikin wani bututu da ke manne a bayan maraina, wanda da za a warware shi zai kai mita shida. Ke nan abin da ya fita yau tun wata uku da suka wuce aka fara aikinsa. Zazzaɓi mai zafi, na cizon sauro ne ko na taifod, yana iya karya adadin na tsawon makonni bayan mutum ya warke ya manta. Saboda haka ba ma yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita.

Dalilan da ke rage ƙwayoyin suna da yawa. Wanda aka fi samu shi ne kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda likitoci ke kira barikosil, yawanci a ɓangaren hagu, kuma idan ya yi girma mutum yakan ji kamar an tara tsutsotsi a cikin jaka idan yana tsaye. Akwai ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, wanda ke toshe hanya. Akwai hangum idan ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka a maraina, ko da yake ba kasafai yake kashe haihuwa gaba ɗaya ba. Akwai marainan da ba su sauko cikin jaka ba tun ana jariri, da tsargiya ga waɗanda suka tashi suna wanka a kududdufi ko madatsar ruwa, da taba, da wiwi, da tramadol. Sai kuma zafi, wanda ya shafi sana'arka: an rataye maraina a wajen jiki ne domin suna bukatar sanyin da ya gaza zafin jiki da digiri biyu zuwa uku, kuma masu tsayuwa a bakin tanderu ko zama a kan injin mota sa'o'i da yawa suna cikin waɗanda muke yi wa tambaya a kan haka. Ban ce shi ne matsalarka ba, domin masu gidan burodi da yawa sun cika gida da 'ya'ya, amma ka faɗa wa likita.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ba ni takaici: allurar testostiron da wasu ke karɓa a kyamis da sunan ƙarin ƙarfi. Idan sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa takan ɗauka ya wadata, sai ta daina aika saƙon da ke sa maraina aiki, ƙera ƙwayoyi ya tsaya. Ƙarfin yana ƙaruwa, irin yana ƙarewa. Har gwada ta aka taɓa yi a matsayin maganin hana haihuwa na maza.

Inna Ungozoma:

Ɗana Mai Gidan Burodi, na yi aikin jinya da karɓar haihuwa har na yi ritaya, saboda haka ka yi haƙuri da ni idan maganata ta yi kaushi. Hoton nan da aka yi wa matarka, wanda ka ce ta dawo tana murƙususu, na riƙe hannun mata da yawa ana yi musu shi. Ana kwantar da mace, a buɗe ta da ƙarfe, a zura siririn bututu ta bakin mahaifa, a tura ruwan da ke fitowa a hoto, a ga ko zai bi hanyoyin ƙwai ya zube ta ɗaya bakin. Ita ta jure wannan, kai kuma an ba ka 'yar kwalba kana ta juya takarda a aljihu wata huɗu. A ƙa'ida ma naka gwajin ya kamata a fara yi kafin nata, domin ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma ba zafi a cikinsa.

Bari in gaya maka yadda ciki ke shiga, domin maza da yawa sun haifi goma ba su sani ba. Mace da ƙwanta ake haifarta, miliyan ɗaya zuwa biyu a cikin ma'ajiya biyu da ke gefen mahaifa, kuma ba a ƙara mata ko ɗaya daga baya. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin dubu ɗari uku ko huɗu, waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta kuwa ba su fi ɗari huɗu zuwa biyar ba. Duk wata ƙwai ɗaya ne yake nuna ya fashe ya fito, bakin hanyar ƙwai mai kama da yatsu ya cafke shi. Daga nan ba ya wuce sa'a 12 zuwa 24 da rai. Ƙwayoyin namiji kuwa suna iya kwana har biyar a jikin mace suna jira, idan suka tarar da ruwan bakin mahaifa mai kyau. Idan ka haɗa lissafin, kwana shida ne kacal a wata ciki ke iya shiga: kwana biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa.

Daga cikin miliyoyin da aka zuba, 'yan ɗaruruwa ne ke isa inda ƙwan yake. Wasu tsamin farji ya kashe su, wasu su maƙale a bakin mahaifa, wasu su bi hanyar da babu ƙwai a wannan watan. Wannan ita ce amsar wanda zai ce ai ƙwaya ɗaya ake bukata, me ya sa ake damuwa da miliyoyi. Haɗuwar a cikin hanyar ƙwai take faruwa, ba a cikin mahaifa ba, sannan abin da aka haɗa ya gangaro yana rarrabuwa, ya isa mahaifa cikin kwana uku zuwa huɗu, ya dasu a bangonta wajen mako guda bayan haɗuwar. Idan ba a yi haɗuwa ba, shimfiɗar da mahaifa ta tanada sai ta zube, ita ce haila. Ko ga ma'aurata matasa masu cikakkiyar lafiya, damar ɗaukar ciki a wata guda ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar ba, amma idan aka tara watannin, fiye da takwas cikin goma suna samu kafin shekara ta zagayo. Shi ya sa muke cewa a zo asibiti bayan shekara guda, ko bayan wata shida idan matar ta haura 35. Ku kun yi biyar.

Akwai tambayar da zan yi maka, ba sai ka amsa a nan ba. Masu burodin da na sani da dare suke aiki, su dawo da hantsi a gajiye lokacin da gida ya cika da mutane. Sau nawa kuke haɗuwa a mako? Fitar ƙwai tana zuwa ne kimanin kwana 14 kafin haila ta gaba, ba lallai kwana 14 bayan wadda ta wuce ba. Macen da ke yin kwana 28 tsakanin haila da haila, nata yana faɗowa wajen rana ta 14 daga ranar da jini ya fara zuwa, mai kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 21. Matarka za ta iya ganewa da kanta, domin a kwanakin takan ga wani ruwa garai-garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Wasu matan suna ɗaukarsa ciwon sanyi, su yi ta matsi da wanke-wanke, suna korar abin da shi ne gadar da ƙwayoyin ke bi. Mafi sauƙi dai shi ne a riƙa haɗuwa duk bayan kwana biyu ko uku, a huta da ƙirgen kalanda.

Hajiyarka ba muguwa ba ce, jika take so, kuma abin da ta taso ta tarar ke nan: idan gida ya yi shiru, matar ce juya. Amma binciken likitoci ya nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su haihu ba akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Irin wannan ɗora laifin ne ake yi wa mai haihuwar 'ya'ya mata zalla, alhali a cikin kuromosom, wato ƙunshin gadon halitta, ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ƙwayar namiji ce ke zuwa da X a sami mace ko Y a sami namiji. Na taɓa karɓar haihuwar wata baiwar Allah, 'ya mace ta biyar, tana jin an ce mace ce ta juya fuska bango ta fashe da kuka tun mabiyiya ba ta faɗo ba, ba don ba ta son jaririyar ba, sai don ta san abin da ke jiranta a gida.

Ɗan Zaure:

Ni dai da girmamawa ga Inna da malamin gwaji, ina ganin ana tsorata bawan Allah ne. Haihuwa ta Allah ce, kuma iyayenmu da ba su san madubin likita ba sun san hanyar da ake gane inda matsala take: a ƙara aure. Idan amarya ta haihu, magana ta ƙare ba tare da an tona asirin kowa ba. Sannan wa ya ba shi tabbacin cewa sakamakon ba zai fita ba? A gari ƙarami, yau ka shiga ɗakin gwaji, gobe ana nuna ka a majalisa. Akwai maƙwabcinmu da aka ce masa ba zai haihu ba, yanzu 'ya'yansa uku.

Direban Tirela:

Ɗan'uwa Ɗan Zaure, hanyar da ka ambata ni na bi ta har ƙarshenta, saboda haka bari in ba da labarin abin da ke can. Na auri ta farko muka yi shekara shida shiru, na sake ta bisa shawarar 'yan'uwa. Na auri ta biyu, bazawara mai 'ya'ya biyu, da nufin cewa ita an riga an ga shaidarta, muka yi shekara huɗu shiru, ita ma muka rabu. Ina tare da ta uku ne wata rana na tsaya shan mai, sai na hango ta farkon tana tsallaka titi da goyo a baya, ga wani yaro tana riƙe da hannunsa, ga kuma ciki. Ta gaishe ni cikin mutunci ta wuce. Na koma cikin mota na zauna, yaron mota yana ta yi mini magana ban ji abin da yake cewa ba. Manomin da ya shuka gona uku ba ta tsiro ba, ya ci gaba da sauya gona bai taɓa kwance bakin buhun irinsa ya duba ba, ni ne wannan manomin.

A wani gari mai nisa da namu na yi gwajin, saboda irin tsoron da ka faɗa, kuma wannan mafita ce ga duk mai jin kunya. Aka sami miliyan 4 a mililita, yawancinsu ba sa motsi. Likitan mafitsara ya sa na tsaya, ya ce in yi nishi kamar mai ɗaga kaya, ya taɓa ya ce jijiyoyin hagu sun kumbura, hoto kuma ya tabbatar. Na daɗe ina jin nauyi a wurin idan na yi doguwar tafiya, ina ɗauka gajiyar zama ce. Aka yi mini aiki, ƙaramar tsaga ce a ƙasan mara, na bar taba, na rage tafiyar da ba hutu. Bayan wata shida adadin ya hau zuwa miliyan 13, kuma wata goma sha huɗu da yin aikin maiɗakina ta sami ciki. Likitan ya gaya mini tun farko cewa ba kowa aikin ke yi wa amfani ba, kuma na san wanda aka yi wa bai ga canji ba, don haka ba alkawari nake yi wa kowa ba.

Abin da ya rage mini shi ne shekara goma na matan nan biyu, da maganganun da aka gaya musu a gidana ina ji ban hana ba. Ta farkon na aika an nema mini gafararta. Mai Gidan Burodi, idan kana da sha'awar ƙara aure da halin yi, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, amma kada ka ɗauko 'yar mutane ka mayar da ita kwalbar gwaji.

Malamin Islamiyya:

Zan taɓa ɓangaren addini a taƙaice, tunda an ambace shi. Ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun bayyana cewa Allah yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa duka, kuma yana sanya wanda ya so ya zama bakarare. Ayar ba ta keɓe mace ba. Neman magani kuma ba ya cin karo da tawakkali. Game da yadda ake fitar da samfurin, wanda na san shi ne ke damun mutane da yawa ba sa iya faɗa, malamai da dama sun yi sauƙi a kai saboda lalurar magani, musamman idan ta hannun matar mutum ne. Dashen ciki ma, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa, tun a 1980 fatawa ta fito daga Masar ta bakin Shaihu Jadul Haƙ da ta halatta shi, da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijin ne, kuma igiyar aure tana nan. Abin da aka haramta shi ne shigo da maniyyi ko ƙwan wani daban, saboda kiyaye nasaba.

Mai Gidan Burodi:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Inna, maganarki ta shige ni, kuma lissafin da kika yi game da aikin dare gaskiya ne. Malam Ma'aikacin Ɗakin Gwaji, akwai abu biyu da ban faɗa ba. Mako uku da suka wuce na yi zazzaɓi mai zafi har aka yi mini ƙarin ruwa, sannan akwai wata allura da wani mai kyamis yake yi mini duk wata tun bara, ban san sunanta ba, ya dai ce ta ƙarin kuzari ce. Shin in jira wata uku ne kafin in je? Kuma idan aka duba ba a ga komai ba, shi ke nan an rufe babin?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:

Kada ka jira. Ka je a yi na farko yanzu, ka gaya musu ranar da ka yi zazzaɓin, a maimaita bayan wata uku a kwatanta. Allurar kuwa kada a sake yi maka ita sai likita ya gani: ka karɓo kwalbar ko kwalinta, ko ka ɗauki hotonta a waya. Idan testostiron ce, a mafi yawan mutane ƙwayoyin suna dawowa bayan an daina, amma abin yana ɗaukar watanni, wani lokaci ya haura shekara.

Idan ba a ga ƙwaya ba, ba a rufe babi ba, sabon bincike ne ya buɗe. Za a auna sinadaran jininka a duba girman maraina, domin a gane ko ba a ƙera ƙwayoyin ne ko kuwa ana ƙerawa hanya ce ta toshe. Mai toshewa ana iya gyara masa hanyar ko a zaro ƙwayoyin da allura daga maraina. Tun da aka haifi jaririyar farko ta hanyar dashe a Ingila a 1978 aikin yake ci gaba, kuma a 1992 likitoci a birnin Brussels na Beljiyam suka sanar da haihuwar farko da aka samu ta hanyar cusa ƙwayar maniyyi guda ɗaya kai tsaye cikin ƙwan mace, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da adadinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Ana yin wannan a Najeriya, sai dai yana da tsada kuma ba kowane dashe ke kamawa ba. Maƙwabcin Ɗan Zaure kuwa, mai yiwuwa ne adadinsa ne ya yi ƙasa a gwaji ɗaya aka gaya masa magana da gatse, wannan kuskuren mai faɗa ne.

Ga yadda za ka shirya. Ka ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, kada ya gaza kuma kada ya wuce. Ka karɓi kwalba daga ɗakin gwajin, kada ka wanke ta gida ka zo da ita, kuma kada a yi amfani da sabulu ko man shafawa ko kwaroron roba na kasuwa, domin suna kashe ƙwayoyin. Ka tabbata duka ya shiga, musamman na farkon fita, saboda a nan mafi yawan ƙwayoyin suke, idan wani ya zube kuma ka faɗa, ba abin kunya ba ne a wurinmu. Idan a gida za ka yi, ka rubuta lokacin, ka sa kwalbar a aljihun da ke manne da jikinka, ba a firiji ba kuma ba a kan injin babur ba, ka kawo kafin sa'a guda ta cika. Takardar da fulawa ta cinye kuma ka zo da ita a haka, mun saba karanta rubutun likitoci da ya fi wannan dushewa.